Garin Maganin Malam Zakiru

Ranar wata Talata da safe Alhaji Maitama ya fara ganin jinin. Ya gama uzurinsa a banɗaki, ya juya zai kora ruwa, sai ya ga ja a cikin masai. Ya tsaya da buta a hannu ya daɗe yana kallo. Babu zafi, babu ƙaiƙayi. Ya kora ruwan, ya yi alwala, ya tafi ya buɗe shagonsa na kayan masarufi a unguwar Cocotiers kamar kullum.

Shekarunsa hamsin da uku a lokacin, ashirin da shida daga ciki a Libreville ya yi su. Daga Fagge ya taso, ya biyo ta Kalaba ya shiga jirgin ruwa, kuma a cikin jirgin nan ya haɗu da Zakiru, ɗan unguwar Gwammaja. Tare suka sha amai kwana huɗu, tare suka raba ɗaki guda shekara bakwai. Zakiru ne waliyyinsa da ya auri Nuriyya. Shi Maitama ya kama kasuwanci, Zakiru kuwa ya kama sana'ar kakansa, sassaƙe da saiwoyi, har ya zama duk Bahaushen da ke garin in basir ya dame shi, ɗakin Malam Zakiru a unguwar Derrière la Prison yake nufa.

Da jinin ya kwana goma bai tsaya ba, can Maitama ya nufa shi ma. Ya bari sai da mutane suka watse, sannan ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tabarma.

Zakiru ya yi dariya ya dafa masa gwiwa. "Haba mutumina, wannan ne ya sa ka shigo kamar an yi maka mutuwa? Basir ne, mai jini. Zaman kujera ne da Maggi da ruwan sanyi. Kai ne na huɗu a satin nan."

"Nuriyya ta ce in je asibiti."

"Ka je su yi maka me? Su kwantar da kai, su tuɓe ka gaban 'yan mata, su ɗauko wuƙa? Ina raye?"

Ya auna masa wani gari mai ɗaci a leda, ya ce a dama a kunu safe da yamma, ya haɗa masa da saiwar da zai tafasa ya zauna a ruwanta. Da Maitama ya sa hannu a aljihu, Zakiru ya ɓata rai ya ce kada ya kuskura. Maitama ya fito zuciyarsa sakayau, har ya tsaya ya sayi gasasshen kifi ya kai gida.

Jinin ya ɗauke sati biyu, ya dawo. Wannan karon ba ja ba ne, duhu ne, a cakuɗe da bayan gidan. Sai ya yini yana jin kamar bai gama ba, ya koma sau biyar ba abin kirki. Wani satin gudawa, wani satin cikin ya ɗaure. Buhun shinkafar da yake ɗagawa da hannu biyu ya fara jansa a ƙasa. Ya ƙara huda a bel ɗinsa, bayan wata biyu ya ƙara wata.

Duk Juma'a bayan an sauko yana gaya wa Zakiru, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce maganin ne ke aiki, dattin ne ke fita. Ya sauya masa gari sau uku.

Nuriyya ce ba ta yarda ba. Wata rana da la'asar ta ajiye masa tuwo, ya ci loma biyu ya ture kwanon, sai ta zauna a gabansa.

"Alhaji, wata bakwai ke nan. Ka dubi wuyan rigarka. Don girman Allah mu je a duba ka."

"Kin fi Malam Zakiru sanin basir ne?"

"Ban fi shi ba. Amma ni nake wanke kayanka."

Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba, ya ce mutumin da ya ci gishirin teku tare da shi ba zai cuce shi ba. Ta kwashe kwanukan ta fita.

A wata na tara ya faɗi. Yana miƙa wa wata mata gwangwanin madara daga kanta, sai ya ga shagon ya juya, ya farka a kan siminti mutane suna yi masa fifita. Moussa, wani direban taksi mutumin Maraɗi da ke tsayawa shan shayi a gefen shagon, shi ya ɗauke shi zuwa wani kilinik, Nuriyya ta same su can.

Likitar 'yar ƙasar ce, mace mai furfura a gaban goshi. Ta ce jininsa ya yi ƙasa sosai. Ta tambaye shi yaushe abin ya fara, da ya faɗa sai ta ajiye biro ta dube shi. Ta yi masa Faransanci a hankali don ya gane. Ta ce basir yana sa jini, gaskiya ne, kuma sau da yawa shi ɗin ne. Amma ba a gane shi da ka. Jinin da ya wuce 'yan makonni, ko ya yi duhu, ko ya zo da rama da gajiya da sauyin bayan gida, balle ga wanda ya haura arba'in da biyar, dole a leƙa ciki a gani.

Aka ba shi randebu, wato ranar da zai dawo a duba shi. Da ranar ta zo aka sa shi barci, aka zura siririn bututu mai kyamara, aka yanko ɗan nama aka kai gwaji. Bayan kwana goma sha biyu ya koma karɓar sakamako, ya hana Nuriyya binsa. Ciwon daji ne a babban hanji. Likitar ta ce bai kai hanta ba, akwai fatan warkewa, amma sai an yanke wani sashe na hanjin, a bi da magani wata shida. Ya tambaye ta da ya zo tun farko fa. Ta ce ba za ta rantse ba, amma mai yiwuwa da aikin bai kai haka ba.

Moussa yana jiransa a waje. Ana yayyafi, motoci sun cunkushe a bakin teku. Maitama ya zauna a gaba da takardun a cinya. Moussa ya dube shi sau biyu, ya rage rediyo.

"Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Mutanen nan sun iya aikinsu ƙwarai. Ai Malam Zakiru ma nan na kawo shi."

Maitama ya juyo. "Wane Zakiru?"

"Naka mana. Shekara biyu ke nan. Shi ma jini ya gani, sati guda bai yi ba munka zo. Anka sa mishi wannan tiyo, anka ciro wani ɗan tsiro, washegari na maishe shi gida. Ga shi nan garau." Sai ya dafe baki. "Ya ce kar in gaya ma kowa. Amma kai ai ka sani, ko?"

Maitama ya tuna shekarar. Zakiru ya ce masa zai je garin Lambaréné neman saiwa, har ya raka shi bakin titi ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Abin da likita ta faɗa ya ba shi tsoro, amma wannan ya fi shi zafi. Ya sa Moussa ya tsaya a gefen hanya, ya buɗe ƙofa ya yi ta kakarin amai, babu abin da ya fito.

Aka yi aikin ranar wata Litinin. Kwana na huɗu, yana kwance da robar ruwa a hannu, Zakiru ya yi sallama da ledar lemo da ayaba. Nuriyya ta gaishe shi ta fita. Ya ja kujera ya fara jero sannu.

"Lambaréné," in ji Maitama. "Ka samo saiwar kuwa?"

Zakiru ya dubi ledar, ya dubi ƙofa.

"Moussa ne ko?"

"Sati guda ka yi ka ruga. Ni ka riƙe ni wata tara."

"Wallahi na ɗauka basir ne naka."

"Naka me ka ɗauka?"

Zakiru ya cire hula ya riƙe. "Maitama, ka san abin da nake ci da iyalina da shi ke nan. In aka ji mai maganin basir ya kai kansa asibiti, ko amininsa ya tsallake shi ya tafi, wa zai sake taka ɗakina? Sau nawa na yi niyyar gaya maka. Kullum sai in ce bari wannan garin ya ƙare tukuna."

"Kana ganina ina zubewa. Duk Juma'a kana kama hannuna, kana jin ƙashi." Ɗinkin ya ja shi, ya runtse ido. "Da a kunne ka raɗa mini, Zakiru. Kalma ɗaya. Wa zan gaya wa? Na yi wa matata tsawa saboda kai."

"Ka yafe mini don Allah."

"Ɗauki lemonka."

Bai ɗauka ba. Nuriyya ce ta ba masu shara da yamma. Da ta dawo ta zauna, Maitama ya ba ta labarin duka, ya nemi gafararta. Ta gyara masa matashi ta ce ya bar maganar sai ya warke.

Maganin wata shidan ya wahalar da shi. Bakinsa ya fashe, yatsunsa suka mutu, ƙanshin girki ma tayar masa da zuciya yake. Nuriyya ta riƙe shagon, ta kuma iya shi fiye da yadda ya zata. Da ya fara fita masallaci, mutane suka riƙa tambaya ko shawara ce, ko sammu. Da can kunya za ta hana shi, yanzu kuwa sai ya faɗa musu dalla-dalla, jinin da ya gani, da watannin da ya ɓata, da abin da likita ta ce. Bai taɓa kama sunan kowa ba. Cikin wata uku, dattawa biyu suka same shi a keɓe suka tambayi hanyar kilinik ɗin. Ɗaya basir ne kawai, aka ba shi magani ya warke. Ɗayan bai dawo ya faɗa ba.

Zakiru yana nan a Derrière la Prison, ɗakinsa bai daina cika ba. Sau biyu ya turo liman ya yi masa biko. Maitama ya ce wa liman ya yafe don yana son Allah ya yafe masa, amma zama ya ƙare. In sun haɗu a sahu Zakiru ya yi sallama, yana amsawa, ya miƙa hannu, ya janye.

Duk wata uku Moussa yana kai shi a ɗebi jini a duba. Zuwa na baya likitar ta ce komai lafiya, ya ƙara kilo huɗu, ta rubuta masa ranar dawowa a watan Maris.