Kowane Kare da Ofishinsa

Kwaɗo na uku ne ya ƙi buɗuwa, ga a-kori-kurar 'yan farauta a ƙofar gida tana danna ham kamar za ta tashi Ƙofar Ran gaba ɗaya. Malam Abdulbaƙi ya durƙusa yana murɗa makulli, gumi na bin wuyansa.

"Ka duba fayil ɗinsa mana, Darakta," in ji matarsa Ni'ima daga bakin murhu. "Wataƙila karen ya ɗauki hutun shekara."

Ya ci gaba da murɗa makullin. Shekara talatin da biyar ya yi a aikin gwamnati, ya yi ritaya yana mataimakin darakta, amma duk mai son ya amsa masa gaisuwa da fara'a ya san ya yar da "mataimakin" tun a hanya.

Karnukan nan biyar na yayansa ne, Hamma, wanda ya rasu wata huɗu da suka wuce. Hamma mafarauci ne na gaske, bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, sai su. Duk tsawon rayuwarsu a gindin darbejiyar bayan gida suke kwana, kan wannan a cinyar wancan, a kasko ɗaya suke ci. Abdulbaƙi ya duba ya ce wannan ba tsari ba ne. Ya kira magini, aka jera ɗakuna biyar na bulo, kowanne da ƙofar ƙarfe da kwaɗo da lamba. Zaki, wani jan kare mai faffaɗan ƙirji, ya samu lamba ɗaya, saboda shi ya fi kama da shugaba. Tsohuwar karya Barsu mai yagaggen kunne aka kai ta lamba biyar kusa da rariya, tunda a ganinsa ta isa ritaya. Wata uku ke nan babu wanda ya shinshini ɗan uwansa. Babu faɗa, babu gurnani, kuma Abdulbaƙi ya sa wa wannan suna zaman lafiya.

Habila, abokin farautar Hamma tun suna samari, shi ne bai ga zaman lafiyar ba. Ya leƙa ɗakunan, ya ce an lalata dabbobi, a ba shi su tun da sauransu. Magana ta kai gaban Sarkin Baka, shugaban mafarautan unguwa, ya yanke cewa a fita da su farautar farko ta rani. In sun kama ko zomo ne, sun zama na Abdulbaƙi. In sun dawo hannu rabbana, Habila ya tafi da su.

Abdulbaƙi bai taɓa kashe ko ɓera ba. Amma in ya ji suna haushi da safe, ji yake kamar Hamma zai fito daga ɗaki da buta a hannu yana yi musu faɗa. Wannan ne bai iya faɗa wa kowa ba, shi ya sa yake ta maganar tsari.

Da ƙyar kwaɗon ya buɗu. A cikin mota ma bai yarda su haɗu ba, ya ɗaure kowanne a nasa lungun, ya zauna a tsakiya da sabon takalmin kambas da gorar da har yanzu take warin fenti. Habila na jingine da buhun ruwa yana cin goro.

"Darakta, ba ka kawo musu katin shaida ba? Kada su manta sunan juna."

Aka yi dariya. Abdulbaƙi ya ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, ya juya musu ƙeya.

Hantsi ya fara zafi lokacin da suka sauka a wani daji gefen hanyar Dass. Aka busa ƙaho, aka kwance igiyoyi. Karnukan mutane suka faɗa cikin ciyawa a jere. Nasa biyar suka yi gudun taku goma, suka ja birki, suka tsaya suna kallon juna kamar 'yan uwan da suka haɗu a kotu kan rabon gado. Zaki, wanda ya yi wata uku yana kwana a lamba ɗaya har ya yarda da kansa, ya taka ya ɗora haɓarsa a wuyan wani baƙin kare daga cikinsu da ake kira Duna. Duna bai ga takardar ƙarin girman ba. Nan take suka kacame, sauran biyu suka shiga ba tare da sun tambayi dalili ba.

Ana cikin haka wani zomo ya fito daga ƙarƙashin sabara, ya bi ta gefensu. Har ɗan tsayawa ya yi. Da ya ga babu mai bukatarsa, ya kama gabansa ba tare da gaggawa ba.

"Kai! Zaki! Duna! Ga shi can!" Abdulbaƙi ya ɗaga gora.

Habila ya riƙe masa hannu. "Bar su. Mitin suke yi. Wata uku ka hana su, yanzu za su yi duka a rana ɗaya."

"Za su kashe juna, Baba Habila!"

"Ba za su kashe ba. Uwansu yana kallo."

Barsu yake nufi. Tana zaune a gefe tana sosa yagaggen kunnenta da ƙafa. Sai da ta ga abin ya isa, ta miƙe a hankali, ta kutsa tsakiyarsu, ta cafki Zaki a hanci ta danna shi ƙasa. Babban kare ya kwanta rigingine yana kukan ɗan kwikwiyo. Ta kalli sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sauke wutsiya.

"Ka gani? Lamba biyar," in ji Habila. "Shekara bakwai shi yake gaba, su suna bin shi. Hamma bai naɗa shi ba, su ne suka naɗa."

An gama mitin, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Zaki na ɗingishi, kunnen Duna na zubar da jini, kuma zaman ofis ya tara musu teɓa. Barsu ta ja su suka bi sawun wata gada na ɗan lokaci, numfashi ya ƙare, suka dawo suka zube a inuwar tsamiya, suna lasar wa juna ciwon da su da kansu suka ji wa juna. Abdulbaƙi ya yi fito, ya yi lallashi, har ya yi Turanci. Ko kunne babu wanda ya ɗaga.

Bayan la'asar motar ta sauke su a ƙofar gida. Sauran mafarauta kowa da ɗan abin da ya rataya, shi kuwa sai ƙaya a wando. Ni'ima ta leƙo za ta yi magana, ta ga fuskarsa, ta haɗiye.

Ya tattara igiyoyin biyar ya miƙa wa Habila. Ya yi gyaran murya.

"Barsu ba ta shan kunun dusa da zafi. A bari ya huce. Duna kuma tsoron tsawa yake, in damina ta zo..."

Habila bai karɓi igiyoyin ba. Ya tofar da tukar goro, ya tsaya yana duban ɗakunan bulon.

"Darakta, ni haya nake a Yelwa. Ɗaki biyu, da ni da matata Christiana da jikoki. Mai gidan ko kyanwa ba ya so."

"To ina za ka kai su?"

"Ina kuwa zan kai su? Nan za su zauna. Amma nawa ne, Sarkin Baka ya faɗa. Ka cire ƙofofin nan yau. Kasko ɗaya. Da safe ka dama musu dusa, ka share kashi, da yamma ka fita da su su yi gudu har bayan ganuwa. Duk Asabar zan zo in duba aiki. In na ga kwaɗo, in nemi wani ma'aikaci."

"Wato dai," in ji Ni'ima a hankali, "an mai da kai masinja."

Abdulbaƙi ya dubi igiyoyin da ke hannunsa. Daɗi ya cika shi har ya ji kunyar kansa, ya sunkuya yana kwance wuyan Barsu don kada su ga idonsa. Ta wuce shi ta nufi bayan gida, sauran huɗun na biye da ita.

"Oga," ya ce wa Habila, kansa na ƙasa, "ƙarfe nawa ake so in fara da safe?"