Zakunan Murhu Biyu

Shekara ashirin da shida Gatien yana shafa wa tagulla zinariya a shagon Maigida Thibaut, a bayan kogin Seine. Ya kwaɓa zinariya da zaiba, ya shafa, ya gasa, hayaƙin zaibar ya bi ta hancinsa. Matarsa Ursule ke goge aikin da dutse har ya yi ƙyalli. Ita ta fara ganin hannunsa na rawa, ita kuma ta yi ta rufa masa asiri. Rawar hannu ba ta dame ta ba. Tsoronta kada gubar zaibar ta hau kansa, kamar yadda ta hau na mahaifinta, har ya mance sunanta.

Ran nan aka kawo zakunan tagulla daga maƙera, irin waɗanda ake girkewa a bakin murhun masu hali, su tare itace. Kowanne na kwance kan ganye mai murɗe-murɗe. Bibbiyu ake yin su, na dama da na hagu, su fuskanci juna, wuta a tsakani. Ko mai sharar shagon ya san wannan.

Gatien ya zaɓi biyu da kansa, ya ɓoye mata su kwana tara.

"Ke dai ki jira, uwar 'yan sa-ido," in ji shi. "Za ki ga ko tsohon naki ya ƙare."

"Wa ya ce ka ƙare? Miya ma a rigarka take ƙarewa."

Ran na goma da hantsi ya kira ta. Ya jera su a bakin murhun shago yana haki. Aikin kam ya yi kyau, ba ta taɓa ganin zinariya ta kwanta masa haka ba. Sai dai duka biyun hagu suke kallo. Ɗaya ya zuba wa ƙeyar ɗan'uwansa ido, ɗayan yana kallon bango.

Ta jira ya lura. Wallahi ta jira.

"Dube su," ya ce, yana dariya da 'yan haƙoran da zaiba ta bar masa. "Sun ƙura wa juna ido, kamar ni da ke ranar aurenmu."

"Haka ne, tsohona."

"To kira Ursule ta gani mana," ya ce, yana kallon Ursule ɗin ido da ido.

Ursule ta ajiye dutsen gugarta a hankali. Ta fita, ta tsaya bayan ƙofa ta share fuska da gefen zanen aikinta, sannan ta sake shigowa.

"An ce kana nemana," ta ce.