Suna Daga Kan Tsani

Gerald ya sauka Gwaram da akwati biyu da cika baki mai yawa. Mutumin Ghana ne, daga Kumasi, an ɗauko shi aikin awon jini a wani ƙaramin asibiti. Kafin ya baro gida ya gaya wa matarsa Charity, wadda ya bari da tsohon ciki, cewa kada ta ɗaga hankalinta. Shi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ai kusa da zango, unguwar Hausawa, ya tashi, Hausa a bakinsa take. A ba shi sati guda, zai haɗa wuta da ruwa da waya, har da intanet.

Hausar ce ta fara ba shi kunya. Ranar da ya kama haya ya durƙusa ya gai da matar gidan, ya juyo ya ce wa mijin, "Baba, matarka yana da kirki." Baba Salihu ya yi dariya har da riƙe ciki. Inna Mairama ta ce to madalla, tsufa ya yi rana, yau ta wayi gari namiji.

Sauran ma haka suka bi. Ya je Birnin Kudu ya lodo firji da fanka a bayan mota, bai tsaya ya tambaya ko ana kawo wutar ba. Firjin nan ƙarshenta takalmansa yake ajiyewa a ciki saboda ɓera. Ya tambayi ofishin da ake yi wa mutum rajistar ruwa, aka nuna masa ɗan ga-ruwa yana tura kura. Intanet kuwa shago guda ya samu, shi ma a Birnin Kudu, inda mutum zai cinye gyaɗarsa ya kakkaɓe riga kafin shafi ya buɗe. In ya kwanta yakan ce wa kansa, "Gerald, kai ne fa mai sati guda."

Duk wannan da sauƙi. Wayar ce ta hana shi sukuni. A wurinsu, ranar da jariri ya kwana bakwai ake fito da shi da sassafe a raɗa masa suna, kuma uba ke bayarwa. In ba a ji daga uba ba, dangi su zaɓa. Shi kuwa yana da suna a zuci: Edward, sunan mahaifinsa da ya rasu bara, mutumin da ya sayar da gonarsa ya kai shi makaranta. A gidansu ba a ambatar sunan ɗa tun yana ciki, don haka ko Charity bai gaya wa ba. Har wani jawabi ya tsara wanda zai gabatar kafin ya faɗi sunan, yana bita a gaban madubi.

Layi dai ya saya. A Birnin Kudu sabis fal, amma da mota ta miƙa hanyar Gwaram sai ya riƙa zubewa har ya ɓace. Ya zaga garin nan da waya a sama, ya hau tudu, ya shiga gonar gero, ya tsaya a kan turmin Inna. Shiru. Mutane suka saba, in sun gan shi sai su ce, "Likita, an samu?" Ya ce, "Saura kaɗan." Ba likita ba ne, kuma ba saura kaɗan ba.

Wata la'asar, hadari ya fara haɗowa, Baba ya roƙe shi ya hau tsani ya sare wani reshen tsamiya da ke goga kwanon ɗaki. Yana kaiwa can ƙarshen tsanin sai aljihunsa ya yi ƙara. Saura ƙiris ya saki adda a kan tsohon. Saƙo ne daga Charity: ta sauka lafiya, namiji. Ya duba ranar da aka turo. Saƙon ya kwana shida yana neman inda zai sauka. Gobe da sassafe ne suna.

"Baba! Matata ya haihu!"

"Ta haihu, ɗan nan, ta haihu! Alhamdu lillahi! To sauko mana."

"Ba zan sauko ba, Baba, a nan sabis yake. Riƙe mini tsanin."

Tsohon ya rungume tsani. Gerald ya maƙale reshe da hannu ɗaya, ya buga. Ta shiga! Muryar Charity ta zo a guntu-guntu, ga kukan jariri a bayanta. Hawaye suka cika masa ido. Mai hankali da sai ya faɗi kalma ɗaya ya huta. Ina! Gogan naka ya gyara murya ya soma jawabi cikin yarensu, tun daga kakan kakansa.

"Gerald, ba na jin ka sosai," in ji Charity. "Sunan kawai. Faɗi sunan!"

A daidai nan ragon Baba, wanda iskar hadari ta firgita, ya tsinke igiya ya zo a guje ya tunkuyi tsohon a gwiwa. Baba ya saki. Tsani ya yi baya.

"Salihu!" Gerald ya ƙwala. "Salihu!"

Ya faɗo cikin kwandon ƙaiƙayi, wayar ta faɗa cikin kwatami. Da ya dawo hayyacinsa, kunya ta farko da ta kama shi ita ce ya kira dattijo da gatsal, babu Baba babu Malam. Tsohon yana murza gwiwa ya ce, "Yau na ji sunana tsirara. Rabona da jin haka tun ina makarantar allo." Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu motar da ta fita daga garin.

Washegari ya bi motar farko zuwa Birnin Kudu, ya zauna ƙarƙashin lemar masu buga waya. Rana ta riga ta ɗaga.

"An raɗa," Charity ta ce, muryarta tar. "Mama ta yi ta mita, na ce mata uban yaro ya faɗa da ƙarfi har sau biyu, da kunnena na ji. Wane ne Salihun nan? Lallai ya yi maka babban alheri."

Gerald ya dafe kai. Ya yi mata bayani, rago da tsani da komai. Ta fashe da dariya har tana cewa wayyo cikinta. Shi bai yi dariya ba. Mahaifinsa ya tuna, ya ji kamar ya ci amanarsa. Da ta lura sai ta sassauta. Ta ce abin bai ɓaci ba, ba a yi baftisma ba tukuna, abin da ya ce fasto ya rubuta shi za a rubuta. Ya bugo ranar Asabar ya tabbatar.

Ya koma Gwaram da sauƙi a ransa, har ya ga abin ya isa labarin ban dariya. Ya tarar da Baba da Inna a tsakar gida, ya kwashe duka ya faɗa musu, yana kwaikwayon yadda ya faɗo. Ya kai wurin sunan ya tsaya yana jiran dariya.

Babu wanda ya yi. Inna Mairama ta ajiye faifai, ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Baba ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

"Sunana aka sa wa yaron?"

"Baba, ai kuskure..."

Tsohon bai ji ba. Ya shige ɗaki. Inna ta matso ta ce a hankali, "Allah bai ba mu haihuwa ba, ɗan nan. 'Ya'yan 'yan'uwansa sun haifa sun haifa, ba wanda ya taɓa yi masa takwara. Bai taɓa magana ba, amma na san yana cin sa."

Kafin magariba ragon nan ya biya laifinsa, ana ta rabon nama a unguwa. Maƙwabta suna shigowa barka, wasu na tambayar yadda ake zuwa Kumasi. Baba ya sa an ɗinka 'yar riga da hula ƙanƙanuwa, ya kawo wa Gerald a naɗe cikin ɗankwalin Inna. Ya kuma ja masa kunne: daga yau kada ya kuskura ya kira yaron da gatsal yadda ya yi a kan tsani. Abba zai riƙa ce masa.

Sau uku Gerald yana buɗe baki zai gyara zancen, sau uku ana cusa masa tsire a hannu.

Ranar Asabar ya koma ƙarƙashin lemar nan, 'yar rigar na cikin jakarsa zai kai gidan waya. Ya daɗe da wayar a hannu kafin ya buga.

"To," in ji Charity, "in ce wa fasto Edward?"

Ya tuna mahaifinsa, wanda bai taɓa barin baƙo ya kwana da yunwa ba. Ya san da yana raye, da shi zai fara cewa a bar tsohon da abinsa.

"A rubuta Salihu," ya ce. "Edward ya jira na gaba."

Da Charity ta yi magana babu dariya a muryarta.

"Na gaban ba ta waya ake samun sa ba, Gerald. Wannan ɗin ma bai san hannunka ba. Yaushe za ka dawo?"

Mai lemar tana kallon sa, akwai mutane a bayansa suna jira. Ya buɗe baki zai ce a ba shi sati guda, sai ya rufe. Ya ce ta kawo wayar kusa da yaron, ya ji numfashinsa.