Mabiyiyar Yusra

Kula ɗaya, ƙanƙara leda uku, takardar asibiti, da mabiyiyar ƙanwata Yusra a cikin robar abinci. Abin da na ɗauko ke nan. Awa biyu ina cikin cunkoson Alƙahira, ƙanƙarar tana komawa ruwa.

Shekara bakwai na yi a Ingila ina karatun harhaɗa magunguna. Aikin farko da aka ba ni a gida shi ne direbar mabiyiya.

Jiya Yusra ta haihu. Ta gani a waya cewa matan Amurka suna busar da mabiyiya, a daka, a ɗura a kafso, mai jego ta riƙa haɗiya, wai nono ya zo, baƙin ciki ya gudu. A haihuwarta ta fari wata huɗu ta yi tana kuka ba dalili, shi take tsoro. Mugat ɗin da Mama ta dama mata da man shanu, abin shan kowace mai jego, ya huce a kofi. Wai na ƙauye ne.

A cikin cunkoson na karanta takardar. Zazzaɓi lokacin naƙuda, ruwan haihuwa ya yi wari, an ɗora ta kan magani na kwana bakwai. Wato abin da ke cikin kular ya harbu.

Madam Nifin, mai sana'ar busar da mabiyiyar da Yusra ta aike ni wurinta, tana hawa na shida a unguwar Tagammu. Ta buɗe ƙofa da farar rigar likita, turare yana tashi a bayanta.

"Ke ce yayar? Shigo, 'yar uwa. Kawo baiwar Allah."

Kai tsaye kicin ta kai ni. Injin busarwar yana kusa da tukunyar shayi, da sauran yankakken mangwaro a cikinsa.

"Zafi nawa kike ba ta?" na tambaya.

"Kaɗan. Zafi yana kashe ƙarfinta."

"Yana kuma kashe ƙwayoyin cuta."

Ta yi murmushi irin na mai jin tausayi. "An ce mini kin yi karatu a waje. Yana nunawa."

Ta buɗe firji. Robobi biyu irin tawa, tsakanin cuku da ragowar miyar lalo. Babu suna a kan ko ɗaya.

"Wacce ce ta wa?"

"Ina gane su. Kowacce da kamanninta."

"A ina kika koya?"

"Kwas na kwana uku. Da satifiket, ga shi can a bango."

Na miƙa mata takardar. Ta juya ta, ta duba bayanta, ta dawo mini da ita.

"Likitoci ke nan. Su komai cuta ne."

Wayata ta yi ƙara. Yusra ce.

"Yaya, kin ba ta?"

"Kin san me aka rubuta a takardarki?"

"Don Allah kada ki fara mini lacca. Ke ba ki taɓa haihuwa ba. Ba ki san yadda na ji wancan karon ba."

"Na sani. Mama ta faɗa mini."

"To ki ba ta mana."

Madam Nifin ta riga ta ɗauko wuƙa da katakon yanka albasa. Na ɗauke kular daga kan teburinta, na fita, na ja mata ƙofarta.

"Ba za ki haɗiye ta ba, Yusra. Asibiti zan mayar a ƙona. Idan kukan ya dawo, ni zan kai ki wurin likita."