Muciyar Kulsumu a Hannun Ƙanwarta

Shekara ashirin da bakwai Kulsumu ta yi tana sayar da tuwo a tashar Kaura Namoda, inda direbobin Shinkafi da Zurmi ke tsayawa cin abinci. Murhu uku take hurawa da itace a rumfar langa-langa mai ƙofa ɗaya. Sai tari ya fara mata kamar mura. Ta sha citta da zuma, ta sha jiƙo, har ta kai ba ta iya kai bokitin ruwa ɗaki sai ta tsaya sau biyu tana haki.

A wani asibiti a Gusau aka sa ta hura iska cikin na'ura. Likita ya ce hayaƙin shekaru ne ya ƙuntata hanyoyin numfashinta, kuma abin da ya lalace ba ya komawa daidai, sai dai a hana shi ƙaruwa. Ya ba ta maganin shaƙa iri biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na lokacin da ƙirji ya riƙe. Ya ce ta riƙa tattaki, ta kuma rabu da murhu.

Da bakinta ta kira ƙanwarta Hamida, wadda ke zaune a Banga tun rasuwar mijinta, ta danƙa mata rumfar. A ranta ta ɗauka ba za a yi wata guda ba direbobi za su fara ƙorafi.

Ba su yi ba. Hamida ta fitar da murhu fili, ta ƙara waina da safe, har sai da aka sayo benci na uku. Nasidi, direban da ya shekara goma sha biyar yana cin tuwon Kulsumu, ya zo duba ta, cikin hira ya ce miyar Hamida har Jangeru ana zancenta. Kulsumu ta yi murmushi ta ce madalla. Tun ranar ta daina taɓa kwanon da Hamida ke aiko mata, wai gishiri ya yi yawa.

Wata Litinin ta yafa gyalenta ta nufi tasha. Da gangan ta bar maganin shaƙar a gida, don kada a gan ta da shi. Ta tarar da Hamida na tuƙi, ta karɓe muciyar ta ce bari ta nuna mata yadda ake yi. Ba ta yi juyi goma ba iska ta karkato da hayaƙin zuwa fuskarta. Tari ya turnuƙe ta, ta durƙusa tana neman numfashi, leɓɓanta suka yi duhu. Nasidi ne ya sauke fasinjojinsa ya kai ta asibiti.

Kwana huɗu ta yi ana ba ta iska ta hanci. Hamida ta rufe rumfa ta zauna jinya. A rana ta uku, tana shafa mata mai a ƙafa, ta ce, “Yaya, in rumfarki kike so, ki amshi abinki. Ni sai in koma Banga.”

“Ba rumfar ba ce,” Kulsumu ta ce a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. “Ko mutum guda bai ce tuwon ya sauya ba.”

Hamida ba ta ce an yi kewarta ba, don ta san yayarta za ta gane lallashi ne. Ta ci gaba da shafa man.

Kafin sallama wata nas ta sa Kulsumu ta shaƙi maganin a gabanta, ta ga ashe rabinsa a baki yake tsayawa. Ta koya mata ta fara fitar da iska, sannan ta ja a hankali ta riƙe, ta kuskure baki bayan na kullum.

Yanzu Kulsumu na takawa zuwa tasha kowace safiya, maganin ɗaure a gefen zaninta. Tana zama ƙarƙashin dalbejiyar tsallaken titi, inda hayaƙi ba ya kaiwa, tana tsince kuɓewar miya. Direbobi na gaishe ta su wuce. Wasu ranakun, in ta jiyo su suna shewa da Hamida, takan miƙa farantin kuɓewar da wuri ta ce ƙirji ne, ta kama hanyar gida.