Aron Kunne a Falon Malam Zakiyyu

Shekara talatin da biyu Malam Zakiyyu ya yi yana gyaran amfilifaya da lasifika a wani ɗan shago a bakin hanyar Obi, cikin Lafia, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida. Matarsa ta rasu bara waccan, 'ya'yansa kuma duk aiki ya watsa su. Gidan ya rage daga shi sai manyan lasifiku biyu da ya ƙera da hannunsa da katakon maɗaci.

Bayan damina ya fara jin sautinsu ya dushe. Ganga tana nan da nauyinta, amma siririyar muryar goge a tsoffin kaset ɗinsa ta ɓace, kamar an lulluɓe makaɗin da bargo. Ya ce lallai tiwita ce ta gaji, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Ya sayo sababbi ya ɗaura. Babu canji. Ya kwance bayan akwatunan ya ciro kurosoba, ɗan allon da ke raba sauti tsakanin babbar lasifika da ƙarama. Ya narka dalma ya canja kafasita, ɗaya daga cikin 'yan ƙananan kayan da ke jikin allon, ya cire resistar da ke rage wa tiwita ƙarfi. Daga nan ya koma kan ikwalaiza, na'urar daidaita kauri da sirantar sauti, ya riƙa tura maɓallan hannun dama, masu ƙara siririn sauti, sama har suka ƙure.

Sati uku yana fama. Ranar da gogen ya dawo, shi kaɗai ya yi tafi a falo, ya waiwaya don ya faɗa wa wani, babu kowa.

Sai ya buga wa Ticha Iorliam waya, tsohon malamin makaranta mai koyar da mawaƙan cocinsu, wanda ya daɗe yana kawo masa gyara har suka zama abokai. Iorliam ya zo ranar Asabar da hantsi a kan babur. Malam Zakiyyu ya ɗora butar shayi a wuta, ya zaunar da baƙonsa a kujerar tsakiya, ya danna kaset yana murmushi.

Ko minti ɗaya ba a yi ba Iorliam ya toshe kunnuwa.

"Malam, rage! Abin nan yana tsaga kai, kamar ana kankare tukunya da cokali."

"Haba Ticha! Yanzu ne ma ya zauna daidai. Ni za a koya wa sauti?"

Ya kashe kaset ɗin ransa a ɓace. Iorliam ya karkata kai wajen madafa, sannan ya dube shi.

"Ba za ka sauke buta ba?"

"Ai ba ta tafasa ba."

"Tun ɗazu take fito, Malam."

Malam Zakiyyu ya dogara ya shiga madafa. Ga tururi yana fita ta bakin butar da ƙarfi, murfin yana rawa. Ya sunkuya har zafin ya taɓa masa kunci. Can nesa ya jiyo wani ɗan siririn abu, kamar sauro a wani ɗakin. Ya daɗe tsaye kafin ya kashe wutar.

Da ya dawo da kofuna, bai ɗaga ido ba. Ya ce, "Ticha, ara mini kunnenka yau."

Suka duƙufa a kai. Ya mayar da resistar, hannunsa ko gezau, don hannun bai manta ba. Iorliam yana kujerar tsakiya idanu a rufe yana cewa, "Sauke kaɗan. Ƙara saukewa. A'a, ya yi yawa, dawo." Malam Zakiyyu yana riƙe da maɓallan ikwalaiza yana bin umarni kamar sabon shiga. Wajen azahar Iorliam ya buɗe ido ya girgiza kai.

"Kai! Ko a coci ban taɓa jin irin wannan ba. Kamar mutumin yana zaune a gabana."

"Madalla," in ji Malam Zakiyyu. Shi dai ganga kawai yake ji.

A bakin ƙofa Iorliam ya ce ranar Litinin zai zo ya ɗauke shi su ga likitan kunne. Malam Zakiyyu ya ce Allah ya kai mu, ya tsaya har babur ɗin ya sha kwana.

Bayan la'asar ya ɗauko biro ya yi wa kowane maɓalli alama a inda Ticha ya bar shi. Ya tsaya yana dubansu, yatsansa a kan na ƙarshe. Ya tuna cewa ko ya ƙure su duka, babu wanda zai ce ya rage. Ya tura biyu sama, ya ja kujera kusa da lasifikar hagu, ya juya kaset ɗin.