Faɗo, Za Mu Tare Ki

Wanda ya ƙirƙiro wannan wasa dai, Allah ya isa tsakaninsa da Jipar. Wai mutum ya hau teburi, ya juya wa jama'a baya, ya harɗe hannu a ƙirji, ya saki jiki ya faɗo, abokan aikinsa su cafe shi. Wai da haka ake koyon yarda da juna! Kamfaninsu na sayar da tagogi da ƙofofi a birnin Bishkek ne ya kwashi ma'aikata arba'in ranar Asabar, ya zube su a wani fili a gindin duwatsu, ya raba musu jajayen riguna, ya ɗauko wani ƙato mai usur, Ermek, ya zo ya mai da su tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Jipar kuwa cikin wata uku gare ta, kuma daga mijinta sai surukarta suka sani. Wannan ne cikinta na uku. Na farko don murna ta gaya wa ƙawayenta a wurin biki, bai ƙara kwana goma ba ya zube. Na biyu ƙanwarta kaɗai ta gaya wa, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Surukarta ta ce babu wata cuta, baki ne da ido. Da wannan ya samu sai tsohuwar ta ɗauko burodi, ta ɗora hannun Jipar a kai, ta sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba sai ya motsa. Jipar ta yi karatu, ta san abin da likita ta ce, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Tun safe take zille-zille. A wasan jan igiya ta riƙe bakin igiyar kawai tana nishin ƙarya. Da aka zo tseren buhu ta ɓuya wajen masu dafa shinkafa. Amma bayan cin abinci, da maza suka ɗan kora da abin da suka ɓoye a mota, Ermek ya busa usur, aka jawo teburin tsakiyar fili. Shugaban kamfanin, Talant Asanovich, ya karɓi takardar sunaye da kansa.

"Babu mai tsira yau," in ji shi. "Har ni."

Ya hau, ya faɗo, aka cafe shi kamar ƙwai. Wa zai yar da mai gida? Sai aka kira Mirlan direba, mai tumbi. Mutum takwas suka jeru suka miƙa hannuwa, biyu daga cikinsu suna ta ƙyalƙyala dariya. Mirlan ya taho, hannuwa suka buɗe, ɗuwawunsa ya daki ƙasa tim! Fili ya kaure da shewa. Jipar ta ji ƙarar nan har cikin mararta.

"Jipar!"

"Talant Asanovich, bayana ke ciwo."

"Ke da shekarunki? Burul eje, babbar yayarmu, ta kusa sittin, ga ta can ta faɗo tana gyara ɗankwali. Zo."

"Don Allah a tsallake ni."

"Ƙanwata, kina nufin ba ki yarda da mu ba?" Yana murmushi, amma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Sau biyu ke nan na kira ki."

Babba ya kira ka sau biyu a gaban jama'a, ai ba ka jiran na uku. Aka fara tafi ana kiran sunanta. Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta ba. Ermek ya kama hannunta ya haye da ita, teburin ya yi girgiɗi, ƙafarsa ɗaya a kan dutse take.

"Juya. Harɗe hannu. Rufe ido. Kada ki lanƙwasa, ki taho kamar katako."

Ta juya. Gumi na bin bayanta duk da sanyin dutse. Tsoro take ji, tsoro tsantsa, irin wanda ke sa mutum jin fitsari. Tana jin numfashinsu a bayanta da warin abin da suka sha. Wani ya ce, "Wannan ai ba ta da nauyi, da hannu ɗaya ma na isa." In ta faɗo suka sake ta, shi ke nan. Ko sun cafe ta, wannan jijjigar fa? In kuma ta buɗe baki, ga rantsuwa, ga ido tamanin.

"Ɗaya!" in ji Ermek, jama'a suka amsa. "Biyu! Faɗo, za mu tare ki!"

"Ciki gare ni!"

Da ƙarfi maganar ta fito, har ita kanta ta firgita. Sai aka ɓarke da ihu. Aka sauko da ita a hankali kamar tangaram. Talant Asanovich ya karɓi lasifika ya sanar wa waɗanda ba su ji ba, har da masu girki, ya ce wannan ita ce yarda ta gaskiya, a tafa mata. Mata suka yanyame ta. Wannan ta shafa cikin, waccan ta ce wata nawa, wata ta ce wallahi namiji ne, dubi yadda ta yi kyau. Mirlan yana ɗingishi ya ce shi zai yanka rago. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Kowa da zuciya ɗaya yake yi, kuma kowace kalma sai ta ji kamar an soka mata allura.

Burul eje ce kaɗai ta dubi fuskarta ta gane. Ta kutsa tana ture mutane.

"Ku rufa mana baki, marasa hankali! Haka ake yi? Tuf, tuf, tuf, kada ido ya kama!" Ta rungume ta, ta raɗa mata, "Na nawa ne, 'yata?"

"Na uku, eje. Babu ko ɗaya a hannu."

Burul eje ta kama hannunta ta ja ta zuwa ban ɗakin katako da ke ƙarshen fili, ta tsaya a ƙofa tana gadi. Can baya usur ya sake tashi, an kira na gaba.

Jipar ta sa sakata. Ta kwance maɓalli. Ta ce bismillah, ta duba. Babu jini. Ta jingina da katako tana haki, ta gyara tufafinta, ta ɗora hannu a kan sakata.

"Lafiya?" in ji Burul eje daga waje.

"Lafiya, eje. Ina zuwa."

Ta saki sakatar, ta sake dubawa.